'Yata ta daina tambaya, ta kuma fara ɓoye mini takardun gwaji

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Zariya. Damuwata a kan babbar 'yata ce, shekararta 10, tana aji biyar na firamare. Da can yarinyar nan aku ce, har babanta yakan ce ta bar kunnensa ya huta saboda yawan tambaya. Bara waccan muka cire ta daga ƙaramar makarantar unguwarmu muka kai ta wata makarantar kuɗi da ta yi suna wajen cin jarrabawar shiga sakandare. Tun daga nan ta fara sanyi. Yanzu ko baƙuwa ce ta tambaye ta sunanta sai ta sunkuyar da kai, kuma duk safiyar Litinin sai ta ce cikinta na ciwo. Da na lallaɓa ta, ta gaya mini ranar Litinin a asambuli ake fito da ukun ƙarshe na kowane aji a sa yara su yi musu ihu, kuma an fito da ita sau biyu. Wanda aka ji yana Hausa kuwa, monita na rubuta sunansa, a ci shi tara ko a yi masa bulala. Abin da ya fi tayar mini da hankali, makon jiya ina gyaran gado na tarar da takardun gwaji huɗu a ƙarƙashin katifarta, alhali ta ce mini malama ba ta raba ba. Yarinyar da ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Na ce a sauya mata makaranta, babanta ya ce kunya ce ta girma, ga shi ya riga ya biya kuɗin shekara. Hajiya mahaifiyarsa kuma ta ce mu bar shagwaɓa ta, 'ya'yanta ma da bulala suka yi karatu suka zama mutane. Ban nuna wa yarinyar na ga takardun ba tukuna. Don Allah Anti, ya zan yi?

Uwa mai damuwa, Zariya

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Kin yi dabara da ba ki zaro takardun nan kin watsa a gabanta cikin fushi ba. Da kin yi haka, da ta gane cewa gida ma asambuli ne, ta nemi maɓoyar da ta fi katifa. Ki bar su inda suke tukuna, za mu dawo kansu.

Bari in fara da maganar maigidanki, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Yarinya 'yar shekara goma takan fara kama kanta, ta rage rawar kai, ta fara gyara mayafi idan baƙi maza sun shigo. Wannan kunya ce, kuma kowa na so. Amma kunya ba ta san ranar Litinin ba. Ba ta murɗa ciki da ƙarfe bakwai na safe ta sake shi da yamma, ba ta kuma cusa takarda a ƙarƙashin katifa. Hausawa sun raba su tuntuni da suka ce tsoro na daji, kunya ta gida. Abin da kika kwatanta mini tsoro ne ya biyo ta har ɗaki, ya aro rigar kunya ya sa, shi ya sa babanta bai gane shi ba.

Ko kunyar ta gaske ma, ba a yaba ta a wajen neman ilimi. Bukhari ya ruwaito cewa wata rana Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda take kamar Musulmi. Manya suka yi ta lissafo itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, yana yaro a cikinsu, ya san dabino ce, amma ya ji kunya ya yi shiru. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Umar bai ce masa madalla da ladabi ba. Cewa ya yi da ka faɗa, da ya fi mini kaza da kaza. Uba ne ke jin zafin shirun ɗansa. Ki riƙe wannan labarin, zai yi miki amfani a zaman da za ki yi da Abban yara.

Ƙaryar ce ta fi ƙona miki rai, na sani. Amma ki duba inda ta fito. Yarinyarki ta zauna ta yi lissafi irin na yara: in na sami huɗu bisa goma ana tozarta ni a gaban ɗaruruwan yara, to me zai faru in Mama ta gani? Ibn Khaldun, malamin tarihin nan haifaffen Tunis da ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ware babi guda a littafinsa Muƙaddima a kan cutarwar da tsanantawa ke yi wa ɗalibi. Ya bayyana cewa yaron da aka rena da tursasawa yakan rasa kuzari, lalaci ya shige shi, ya koyi ƙarya da yaudara, yana nuna abin da ba shi ne a ransa ba don gudun hannun da zai sauka a kansa. Sama da shekara ɗari shida ke nan da rubuta wannan, ga shi kin tsince shi a ƙarƙashin katifa a Zariya. Halin 'yarki bai lalace ba. Darasi aka koya mata, ta kuwa ɗauke shi da kyau, tunda dama kin ce mai kaifin kai ce.

Na yi shekaru ina riƙe da alli, don haka na san kowace makaranta manhaja biyu take koyarwa. Akwai wadda ke cikin littafi, wadda ake sa wa hannu a ofishin hedimasta. Akwai kuma wadda ba a rubuta ba, wadda ke farawa tun daga bakin ƙofa: yadda maigadi ke karɓar yaron da ya makara, abin da ake cewa a asambuli bayan taken ƙasa, fuskar da malama ke yi idan yaro ya ba da amsar da ba daidai ba, wanda ake ba tsintsiya da dalilin ba shi. Kusan kowace makaranta ta rubuta ilimi da tarbiyya a allon ƙofarta da kan bajen rigar yara. Yaro ba ya karanta bajensa. Abin da ake yi masa kullum daga ƙararrawar safe zuwa ta tashi shi yake haddacewa. Idan duk Litinin ana sa shi ya yi wa na ƙasa da shi ihu, ya koyi cewa wanda ya faɗi abin dariya ne, kuma wannan darasin ya shiga har kan na ɗaya a aji. Ni har na fi tausaya wa masu ihun a wani ɓangaren, don su ba wanda zai rubuto wasiƙa a kansu.

Ba daga nesa nake maganar nan ba. A shekarata ta biyu da fara koyarwa, a wata firamare da ba sai na ambata ba, nakan jera yaran aji huɗu bisa makinsu: masu ƙoƙari a bencin gaba, na ƙarshe can jikin bango wajen tagar da ba ta da murfi. Ina ganin zaburarwa nake yi. Akwai wani yaro siriri da ya kusan shekara a bencin baya, kullum littafinsa rabi-rabi, yana leƙen na maƙwabcinsa, ni kuma ina cewa satar amsa yake. Wata rana da hazo ya yi yawa muka rufe tagogi da kwali, na matso da kowa gaba, sai na ga yaron ya cika shafi biyu da rubutu mai kyau. Ashe allon ne ba ya gani. Ni da hannuna na kai shi inda ba zai gani ba, sannan na hukunta shi a kan rashin ganin. Har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Saboda haka kafin komai, ki kai ta a duba idonta da kunnenta. Abu ne na yini ɗaya. Yarinya mai ƙoƙari da ta koma ukun ƙarshe bayan sauya makaranta, ko dai akwai giɓi tsakanin inda tsohuwar makarantar ta tsaya da inda sabuwar ta ɗauka, ko Turancin ne ya yi mata yawa, ko kuwa akwai abin da ba ta gani ko ba ta ji. Ciwon cikin ma a nuna wa likita, kada mu ɗora komai a kan tsoro alhali akwai wani abu. Sannan wata rana kina yi mata kitso, lokacin da ba ku haɗa ido, ki tambaye ta a hankali ko akwai wani babba ko yaro da ke takura mata, ko taɓa ta, ko ƙwace mata kuɗin abincin tara, a makaranta ko a hanya. Yaro yakan faɗi abin da ya fi sauƙin faɗa ya bar mai nauyin. Wataƙila asambulin ne kaɗai. Amma ki tambaya.

Maganar hana Hausa kuwa, na san dalilin da ya sa makarantu ke yi, kuma mu iyaye muna da hannu. Mu ne muke zuwa mu ce yaro ya shekara biyu ba ya Turanci, ina amfanin kuɗinmu. Son yaro ya iya Turanci ba laifi ba ne, da shi zai rubuta jarrabawa. Sai dai ki duba halin da 'yarki ta shiga: Turancinta bai kai ta yi tambaya da shi ba, Hausar kuma laifi ce. Da wane baki za ta ce ban gane ba? Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife, inda aka koyar da yara duka shekaru shida na firamare da Yarbanci, Turanci kuma a matsayin darasi guda. Yaran ba su zama koma-baya ba, har a Turancin kansa. Ba ina cewa ki je ki sauya wa makaranta harshen koyarwa ba, wannan ya fi ƙarfinki. Roƙon da za ki yi ƙarami ne: a bar yaro ya yi tambaya da Hausa idan ya maƙale, malama ta maimaita masa da Turanci. Ita kuwa takardar monita, duk wanda ya yi firamare ya san cinikin da ake yi a kanta. Alawa biyu ko gutsuren biskit, a goge sunanka, a rubuta na wanda ba shi da ko sisi. Muna kuka da cin hanci a ofisoshi, ga shi muna bai wa 'yan shekara goma horo a kansa da biro da takarda.

Yanzu zaman ki da maigida. Kada ki buɗe da a sauya makaranta, don abin da zai ji shi ne zaɓinsa bai yi ba, kuɗinsa kuma sun tafi a banza. Mutumin nan ya matse ya biya kuɗin shekara ne saboda yana son 'yarsa ta yi gaba. Ki fara da yaba wannan, da gaske ba da baki ba. Ki zaɓi daren da ya ci ya ƙoshi yara sun yi barci, ki nuna masa takardun ki mayar inda suke. Ki tuna masa aku ɗin da yake cewa ta bar kunnensa ya huta, ki tambaye shi yaushe rabon da ta tare shi da tambaya a bakin ƙofa. Ki ba shi labarin Umar da ɗansa. Sannan ki nemi abu ɗaya: ku je makarantar tare. Gani ya kori ji. Ku je ranar Litinin da sassafe kamar kun raka ta ne, ku tsaya daga gefe har a tashi daga asambuli. Uban da ya ga an fito da 'yar wani tana rufe fuska da hijabi, yara suna tafi suna ihu, ba sai kin ƙara masa bayani ba.

Hajiya kuma ki bar wa ɗanta ita. Ba bakinki ba ne zai gaya mata bulalar da ta yi wa 'ya'yanta kuskure ce, kuma ba ma wannan ce maganar ba. Tsofaffinmu da suka yi horo da bulala, yawancinsu a cikin gida suke yi, sannan su jawo yaron su ba shi tuwo. Ba sa tara unguwa su ce a yi masa ihu, don sun san mutunci ko na yaro ne ba a zubar da shi a kasuwa. In maigida ya kwatanta mata abin ta nan, ina kyautata zaton ita za ta fara cewa ba a kyauta ba. In ana neman abin kafa hujja, ga Anas ɗan Malik, da ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro kamar 'yarki, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba.

A makarantar, ki fara da malamar aji kafin ofis. Ki tuna ita ma a matse take. Mai makaranta da makin yara yake auna ta, albashin malaman makarantun kuɗi da yawa bai taka kara ya karya ba, ga littattafai tuli da za ta duba kullum. Wataƙila ita ma ba ta son abin da ake yi ranar Litinin, ba ta da bakin faɗa ne. Ki gaishe ta da girmamawa, ki ce kin zo neman taimakonta. Ki gaya mata yarinyar da mai yawan tambaya ce, don mai yiwuwa malamar ba ta taɓa jin muryarta ba, tana yi mata kallon marar ƙoƙari. Ki roƙi a dawo da ita kusa da allo, a nuna miki takamaiman inda take tuntuɓe a lissafi ko karatu, a kuma ba ta wani ɗan aiki a aji da za a dogara da ita a kai, ko raba littattafai ne ko kula da alli da goge allo. Kada ki raina wannan. Yaron da aka ce aikin nan naka ne, in ba ka zo ba ba mai yi, tafiyarsa ma sauyawa take. A Japan yaran firamare su ke share ajinsu kullum, su ke raba wa junansu abincin rana, kowa da ranarsa, ba wanda ke ɗaukar tsintsiya a matsayin hukunci. Mu kuwa sai yaro ya makara ake miƙa masa ita, daga baya mu yi mamakin ya girma yana ƙin shara.

Batun asambuli ya wuce malama, na hedimasta ne da mai makaranta. Nan kada ki je ke kaɗai, don uwa ɗaya mai ƙorafi sunanta mai matsala, iyaye biyar kuwa sunansu kwastomomi. Duk Litinin ana fito da yara uku daga kowane aji, ke nan gidaje da yawa na fama da irin ciwon cikin nan. Ki nemi biyu ko uku daga cikinsu a wajen ɗaukar yara, ku kai maganar taron iyaye da malamai, ko ku nemi ganin hedimasta. Ku je da abin da za a maye gurbin ihun da shi, don in kuka ce a daina kawai, za a ce muku to da me za mu zaburar da su. A ci gaba da kiran na ɗaya zuwa na uku ana tafa musu. A ƙara da kiran wanda ya fi kowa matsawa gaba a makon, ko daga maki uku ya koma shida ne, da wanda ya tsinci kuɗi ya mayar, da wanda ya taimaki ɗan aji ɗaya da ya faɗi. Masu rauni kuma a zauna da su minti ashirin bayan tashi ba tare da shela ba. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Ki sa wa abin wa'adi a ranki, ku kuma amince da maigida a kai: ƙarshen wannan zangon. In an saurare ku, ko rabin abin aka gyara, ki bar ta ta ƙarasa firamare a nan, don sauya makaranta sau biyu cikin shekara uku shi ma yana da nasa nauyin, ga rabuwa da ƙawaye. In kuwa aka ce muku tsarinmu ke nan wanda bai so ya ɗauke ɗansa, to sun ba ku amsa, ku ɗauke ta a ƙarshen shekarar da aka biya. Abu uku ne ba zan ce ki jira wa'adi a kansu ba: in kin ga shatar bulala a jikinta, in ta fara fitsarin kwance ko ƙin cin abinci, ko in tambayar da kika yi mata wajen kitso ta fito da wani abu mai nauyi. A nan kuɗin shekara ba abin dubawa ba ne.

In ta kai ga neman wata makarantar, kada ki tsaya a ofis inda aka jera kofuna da hotunan waɗanda suka ci jarrabawa. Ki je lokacin tara ki ga ko yara suna gudu zuwa wajen malamai ko suna gudu daga gare su. Ki leƙa banɗakin 'yan mata. Ki tsaya jikin taga minti biyar ki ƙirga hannu nawa ke tashi idan an yi tambaya, ki kuma saurari abin da ake ce wa wanda ya kuskure. Ki tambayi hedimasta me suke yi wa yaron da ya zo na ƙarshe, ki lura ko sai ya yi tunani kafin ya amsa. Kada ki cire tsohuwar makarantar unguwarku daga lissafi don ƙanƙantarta. A can ne aka bar ta ta zama aku, kuma giɓin lissafi ana cike shi da malamin lesin na 'yan watanni.

A gida, ki dawo mata da bakinta a hankali. Ki bar ta ta karanta wa ƙannenta labari da dare, ki aike ta kanti ta yi ciniki ta kawo canji ta yi miki lissafinsa, ki tambaye ta abin da ke kin san amsarsa ita ma ta sani. In tana Islamiyya kuma tana sakewa a can, ki gaya wa malaminta ya riƙa ba ta jan baƙi ga ƙanana. Ke ma in kin yi kuskure, ko gishiri ne ya yi yawa a miya, ki faɗa a gabanta ki yi dariya.

Takardun kuwa, ki zaɓi yammacin Asabar. Ki shimfiɗa tabarma, ki kira ta ku biyu, ki ce kin gan su wajen gyaran gado kuma ba ki yi fushi da makin ba. Ki gaya mata sau ɗaya, ba tare da wa'azi ba, cewa ɓoyewar ce ta yi miki ciwo, kuma daga yau duk takardar da ta kawo miki da hannunta ba faɗa a kanta ko sifili ce. Wataƙila ta yi kuka, ki bar ta ta gama. Sannan ku ɗauki takarda ɗaya ku bi tambayoyin da ta faɗi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta gagare ku duka, ki sa ta zagaye ta da biro, ranar da za ki je wajen malama ku tafi tare, ita za ta nuna ta yi tambayar da bakinta kina tsaye a gefenta. Ki rubuto mini bayan hutun rabin zango in ji yadda safiyar Litinin take. Allah Ya shirya mana su.